Alfadarin Landan ya tuna min da jakunan Jos

Kusan kullum motar da nake shiga zuwa aiki takan bi ta Park Lane, gefen lambun Hyde Park a Landan. Na fi shekara ina wuce wurin kafin wata Asabar na sauka na duba da kyau. Katanga ce ta farin dutse mai tsaga a tsakiya, ga alfadarai biyu na tagulla ɗauke da kayan yaƙi suna fama su kai ga tsagar, a ɗaya gefen kuma doki da kare sun riga sun tsallake. An buɗe wurin a 2004 don tunawa da dabbobin da suka yi wa Birtaniya da ƙawayenta bauta a yaƙe-yaƙe, kuma an sassaƙa wata gajeriyar magana a jikin dutsen wadda ma'anarta ita ce: ba su da zaɓi.

Alfadarin baya na fi tsayawa a kansa. Wuyansa a miƙe, kaya sun danne masa gadon baya. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin mazan jiya da suka je ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma in yana ba mu labari a zaurenmu na Unguwar Rogo a Jos sai ya ambaci alfadarai marasa murya. Muna yara mun ɗauka ƙarin gishiri ne. Ashe gaskiya ne: rundunar Birtaniya da ake kira Chindit, wadda bataliyoyin Najeriya suka shiga a 1944, takan yi wa alfadaranta aiki a maƙogwaro don kada kukansu ya tona asirin sojoji ga Japanawa. Dabba ta ɗauki harsashi da abinci cikin ƙungurmin daji, ga ruwa ga taɓo, ko kukan wahala an hana ta.

Turawan nan har lambar yabo suke ba dabba, wadda ake kira Dickin, tun 1943, kuma tattabaru masu kai saƙo sun samu da yawa. Mu kuwa kowace 15 ga Janairu a Abuja shugaban ƙasa yakan ajiye furanni a kabarin sojan da ba a san sunansa ba, a saki fararen tattabaru su tashi. Ado ne na bikin, shi ke nan.

Abin da ke ci min rai shi ne mun fi Turawan dalilin tunawa da dabbobi. Daulolin ƙasar Hausa a bayan doki aka kafa su. Dawakan da suka sha lifidi suka tunkari bindigogin Turawa a Sakkwato da Burmi a 1903 ba su san dalilin faɗan ba, amma sun faɗi tare da mahayansu. Alƙur'ani kansa ya yi rantsuwa da dawakan yaƙi masu gudu suna haki a Suratul Adiyat. Da hawan sallah muna yi wa doki kwalliya, amma kirarin na mai doki ne. Jaki kuwa sunansa ma zagi ne a bakinmu. Na tashi ina ganin jakuna masu dakon yashi da itace, bayansu duk gyambo, ƙudaje na bi, mai su na ƙara musu sanda. Yanzu kuma yanka su ake yi don fatarsu da ake kaiwa Sin, har sai da Tarayyar Afirka ta haramta cinikin a 2024.

Na san wani zai ce: Malam, gunki kake so mu kafa? A'a. Ni ma zuciyata ba za ta kwanta da mutum-mutumi ba, kuma tsoffin sojojinmu da ke bin haƙƙinsu na fansho sun fi cancanta a fara da su. Amma mu da aka karantar da mu cewa Allah ya gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, muna da tamu hanyar. A haƙa rijiya da kwamin shan ruwa a kasuwar dabbobi, a rubuta a jiki cewa don tunawa da dawakai da alfadaran da suka mutu a yaƙi ne. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da Jos, tun 1924 take wurin. A ware rana ɗaya a shekara likitocinta su duba jakuna da dawakan talakawa kyauta. In na zo gida da ƙaramar sallah zan fara tuntuɓar dattawan unguwarmu kan maganar rijiyar, kuɗin bulo na farko kuma daga aljihuna.