Kafin ka sayi siririyar kwamfuta don rubuta manhaja da lissafin kimiyya

Duk wanda ya ce min yana neman kwamfutar tafi-da-gidanka marar nauyi don rubuta manhaja da lissafin kimiyya, tambayar da nake fara yi masa ita ce: babban lissafin, a ina za ka yi shi? A kan cinyarka, ko a kan wata ƙatuwar na'ura da za ka shiga ta intanet? Galibi sai mutum ya yi shiru, domin shi hankalinsa yana kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, samfurin i7 ne ko i9.

Ni kuwa sunan furosesa ne abu na ƙarshe da nake dubawa. Siririyar kwamfuta ba ta da sararin fitar da zafi. Furosesa zai taso da ƙarfinsa na ɗan lokaci, da ya ɗau zafi sai ya rage gudu da kansa don kada ya lalace. MacBook Air, tun daga mai M1 na 2020, ko fanka ba shi da ita. Ba hayaniya, batir ya kai ka yini, amma ɗora masa lissafin awa biyu ka ga yadda zai lafa. Ba laifinsa ba ne, ba don haka aka ƙera shi ba.

Inda ya kamata kuɗinka ya tafi shi ne RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin. Ɗauki jadawalin lambobi mai layi 20,000 a tsaye da 20,000 a kwance a NumPy, manhajar lissafi ta yaren Python. Kowace lamba tana cin bait 8, gigabait 3.2 ke nan. Ninka shi da wani irinsa ka ajiye sakamakon, ka doshi gigabait 10, alhali ba a yi maganar burauza da sauran manhajojin aiki irin su Jupyter da Docker da ke buɗe ba. Da RAM ta cika, sai kwamfuta ta koma aron wuri a SSD, ma'ajiyar fayiloli wadda ba ta kai RAM sauri ba, komai ya koma tafiyar hawainiya. Abin takaicin, a yawancin sirara an liƙe RAM ɗin a jikin allon na'urar, haka yake a MacBook, haka yake a ThinkPad X1 Carbon. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ku rabu. Samfurin Framework, da ya fito a 2021, yana cikin 'yan kaɗan da suka bar mutum ya kwance ya ƙara RAM. Don haka gigabait 16 shi ne mafi ƙaranci, mai hali ya ɗauki 32 ko da zai haƙura da furosesa matsakaici. Mai 8 kam, a bar wa masu buga wasiƙa.

Sai maganar GPU, wato katin sarrafa hoto da ake kuma ɗora wa babban lissafi, inda mutane suka fi yaudarar kansu. Idan aikinka na CUDA ne, wato tsarin kamfanin NVIDIA na yin lissafi a kan GPU, to sai katin NVIDIA, babu shi kuma a Mac. PyTorch, manhajar koyar da na'ura, ya fara amfani da GPU na Apple tun 2022, amma ba kowane aiki ke tafiya a kai ba. Kwamfuta mai katin NVIDIA na kirki kuwa takan kai kilo 2, ga ƙatuwar caja, ga fanka mai ihu, batir kuma ba ya jimawa. Ina rashin nauyin da ka fito nema?

Shi ya sa nake cewa a raba aikin gida biyu. Ka riƙe mai kilo ɗaya da ɗoriya don rubutu da gwaji a kan ƙananan bayanai, babban lissafi ka tura shi ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, zuwa na'urorin jami'a ko na wurin aiki, ko Google Colab, inda ake lissafi a kan na'urorin Google ta burauza, idan koyo kake. Tun 2017 duka manyan kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya tsarin aiki na Linux suke amfani da shi, saboda haka ka saba da shi tun a gida, ko kai tsaye ko ta WSL2, mai gudanar da Linux a cikin Windows. In Linux za ka sa, bincika tukuna ko Wi-Fi da yanayin barci suna aiki a kan samfurin da kake so.

Na yarda akwai wanda wannan shawara ba ta yi masa ba: mai aikin fili inda babu intanet mai ƙarfi, ko wanda bayanansa na sirri ne da ba a yarda su fita daga na'urarsa ba. Shi ya ɗauki mai nauyin, ya nemi jaka mai kyau.

Sauranmu, kafin a biya, a zauna a buga layi goma na kod a kan madannan, a buɗe taga biyu gefe da gefe a ga ko sikirin inci 13 zai ɗauka ko sai 14.