Dayis ba ya tuna jifan da ya wuce

A majalisun samari a ƙauyukan Ringim, masu cacar waya kan ce idan lamba ta daɗe ba ta fito ba, to lokacinta ya yi. Sam, ba haka ba ne. Kowane jifa sabo ne, babu ruwansa da na baya.

Dayis biyu, irin na lido, suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36. Jimlar 7 tana da hanyoyi 6, ita kuwa 12 hanya ɗaya tak. Da gaskiya za a bi, wanda ya ci da 12 ninki 35 ya kamata a ba shi, amma gidajen caca yawanci ninki 30 suke biya. Ragowar nan ita ce ribarsu, ko da wani ya taki sa'a yau.