Simintin yumɓu: Ghana ta fara, mu me muke jira?

A garin Tema na ƙasar Ghana, kamfanin CBI tare da haɗin gwiwar Heidelberg Materials ya buɗe wata masana'anta a 2025 wadda aikinta gasa yumɓu. Tana iya fitar da kimanin tan 400,000 a shekara, a cuɗa shi a cikin siminti. Labarin bai yi amo a nan gida ba, alhali ya kamata a ce masu gini da hukumomin Najeriya sun tsaya sun dube shi da kyau.

Sana'ar siminti ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama. Dalilin yana cikin yadda ake yin sa. Ana gasa dutsen farar ƙasa a tanderu mai zafin digiri 1,450 har ya koma ƙwallayen da ake kira kilinka, sannan a niƙe su. Mutane da yawa na zaton hayaƙin duk daga gawayi ko gas ɗin da ake ƙonawa yake fitowa. Ba haka ba ne. Fiye da rabinsa daga jikin dutsen yake fita yayin da wuta ke rarraba shi. Ko da hasken rana za a hura tanderun, wannan kason na nan daram. Saboda haka hanya mafi kusa ita ce a rage yawan kilinka a cikin kowane buhu.

An daɗe ana yin hakan da tokar tashoshin wuta masu aiki da kwal da kuma dattin narkar da ƙarfe, to amma mu nan Afirka ta Yamma ba mu da su da yawa. Yumɓu kuwa ko'ina akwai shi. Masu bincike a jami'ar EPFL ta Lausanne a Suwizalan, ƙarƙashin Farfesa Karen Scrivener, da takwarorinsu na Kuba da Indiya, su suka fito da haɗin da ake kira LC3: kilinka kashi 50, gasasshen yumɓu kashi 30, niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa kashi 15, sai jifsam, farin ma'adinin da ke daidaita saurin kamawar siminti, kashi 5. Yumɓun a zafin digiri 800 ake gasa shi, kuma ba ya amayar da kabon irin na dutse. Hayaƙin da ake ragewa zai iya kaiwa kashi 40 cikin 100. Kamfanin Argos na Kolombiya ya fara sarrafa irin wannan tun 2020, haka ma CIMPOR a Abidjan, daga baya kuma a Kribi ta Kamaru. Wato abin ya wuce ɗakin gwaji.

Turawa na da tasu hanyar. A Brevik ta ƙasar Norway an girka na'urorin da ke kama hayaƙin masana'antar siminti, a loda shi a jirgin ruwa, a je a binne a ƙarƙashin teku. Aiki ne mai ban sha'awa, amma gwamnatin Norway ce ta ɗauki mafi yawan kuɗinsa. Wace gwamnati ce a yankinmu za ta iya wannan, ga asibitoci babu magani? Duk wanda ya ce mu jira irin wannan fasaha ta yi arha, cewa yake mu ci gaba da zama hannu rabbana, alhali nan da 2050 ana hasashen 'yan Najeriya za su haura miliyan 350, kuma kowannensu na bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa.

Sai dai akwai gaskiyar da ba za a ɓoye ba. Ba kishin muhalli kaɗai ya kai Ghana ga yumɓu ba. Ƙasar ba ta da isasshen dutsen farar ƙasa, kilinka daga waje take sayowa da dala, don haka duk tan ɗin da ta rage riba ce a aljihunta. Najeriya kuwa Allah Ya hore mata dutsen: ga Obajana a Kogi, ga Kalambaina a Sakkwato, ga Ashaka a Gwambe. Kamfanonin da suka zuba biliyoyi a tanderun kilinka ba abin da zai matsa musu su sauya da kansu. A nan ne nake ganin dole hukuma ta shigo. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Ghana ta fitar da ƙa'idar da ta halatta siminti mai ƙarancin kilinka kafin masana'antar Tema ta fara aiki. Takwararta ta Najeriya, SON, za ta iya yin haka, sannan gwamnatocin jihohi su sa sharaɗin amfani da shi a wani kaso na ayyukan magudanan ruwa da azuzuwa da rukunin gidaje. Idan kamfani ya ga kasuwa tabbatacciya zai gina tanderun. Ƙasa mai sinadarin kawolin da ake bukata kuwa tana nan a Ƙanƙara ta Katsina da Alkaleri ta Bauci, kuma ba sai mai tsabta ta ajin farko ba, wadda masu yin tangaran suka raina ma tana yi.

Babban tsorona ba a masana'anta yake ba, a wurin aiki yake. Mu mutane ne da muka ga bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi a 2021, muka ga makaranta ta danne yara a Jos a 2024. Mai gida da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru yana da haƙƙin ya yi ɗar-ɗar idan aka ce masa an sa ƙasa a siminti. Balle ma wannan simintin yakan ɗan yi ja-ja, magini kuwa ya saba da ruwan toka, da ya ga launi ya sauya sai ya ce an yi algus. Gwaje-gwaje sun nuna cewa bayan mako guda ƙarfinsa na kamo na simintin da aka saba, kuma ya fi shi jure gishiri mai cin rodi. Amma a kwanakin farko yana ɗan jinkirin kamawa, kwaɓinsa kuma na son kulawa. Birkilan da ya saba tuttula ruwa don kwaɓi ya yi laushi, ko mai buga bulo da ke matse buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa ya kuma sayar tun bai sha ruwa ya ƙoshi ba, za su ɓata aikin, a ɗora wa simintin laifi. Gini ɗaya ya tsage, an gama da sunansa a kasuwa.

Don haka horar da magina ya zama cikin shirin tun ranar farko, ta hannun ƙungiyoyinsu da kwalejojin fasaha, a kuma rubuta yadda ake kwaɓi da ban ruwa a jikin buhu da Hausa da sauran harsunanmu. Kuma ragin kuɗin makamashi da kamfani zai samu ya bayyana a farashin buhu, domin mai sayen buhu 10 don ya ɗaga katangar gidansa farashi zai fara tambaya.