Takardar asalin jiha da katin ɗan ƙasa: a nan ake gane matsayin ɗan siyasa

Babu gwamnan da zai hau mumbari a Najeriya ya ce yana nuna bambanci. Kowa cewa yake jama'ar jiharsa duk nasa ne. Nan Kumasi a Gana ma in zaɓe ya ƙarato za ka ga jerin motoci a Aboabo da Sabon Zango da Alabar, an kafa hula an zo gaida Sarkin Zango da limamai. Wannan duk romon baka ne. Mai son sanin inda ɗan siyasa ya tsaya kan wariya, takarda zai duba: wace takarda ake tambayar talaka kafin a ba shi haƙƙinsa, wa ke sa mata hannu, bisa wane sharaɗi, kuma in an hana shi ina zai kai kukansa.

A Najeriya takardar ita ce shaidar asalin ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya yi magana mai daɗi. Sashe na 42 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, ko mahaifarsa, ko addininsa, ko jinsinsa. Sashe na 41 ya ba shi damar zama duk inda ya so, na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a kowace jiha. Har sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin mazauni a ko'ina, sai dai wannan sashen yana babi na biyu, wanda sashe na 6 ya ce kotu ba za ta tilasta aiki da shi ba. Daga nan sai kundin ya juyo ta wata ƙofa: sashe na 14 ya kawo rabon muƙamai tsakanin jihohi, sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalinta, sashe na 318 ya ce ɗan jiha shi ne wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke asalin wurin. Wace al'umma ce asalin wuri, kuma daga wace shekara ake fara ƙirge? Kundin ya yi shiru. Shirun nan ne aka bar wa shugaban ƙaramar hukuma ya cike da son ransa.

Ga yadda abin ke tafiya a yawancin wuraren Arewa. Mai nema ya fara daga mai unguwa, a tura shi wurin dagaci, dagaci ya tura shi wurin hakimi, ya karɓo wasiƙar cewa an san shi an san ubansa. Ya haɗa da hotuna da kuɗin fom ya kai sakatariya, shugaba ko sakatare ya sa hannu. In an san gidanku, aikin yini ɗaya ne. In ba a so a ba ka, babu mai rubuta maka dalili. Za a ce ka dawo gobe, ko a ce ka je garinku. Tunda ba a rubuta ƙin ba, ba ka da abin riƙewa in ka je kotu. Shugaban ƙaramar hukumar kuwa, kowa ya san ta hannun wa ya hau kujera, domin gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen jiha mai gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi. Shi ya sa duk gwamnan da ya ce maganar takardar asali ba ta shafe shi ba, bai faɗi gaskiya ba.

Takardar nan ita ce mabuɗin shiga soja da ɗan sanda da kwastan, da aikin gwamnatin tarayya, da tallafin karatu na jiha, da rangwamen kuɗin makaranta a jami'o'in jihohi. Yaron da kakansa ya je Jos haƙar kuza tun zamanin Turawa, in aka hana shi a can, sai ya nufi Kano ko Katsina, garin da bai taɓa kwana ba, inda babu dagacin da ya san shi. Ko ya sayi takarda da ƙarya, ko ya haƙura da aikin. Jinin da aka zubar a Jos da wannan tambayar ya faro. An ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991. Rikicin 1994 ya tashi kan naɗin Bahaushe shugaban riƙo, na Satumbar 2001 ya biyo bayan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci, na Nuwambar 2008 kan zaɓen ƙaramar hukumar ne. Kowane karo ana cewa addini, amma a ƙasan maganar akwai kujerar da ke sa hannu a takarda.

In aka bi ayyukan 'yan siyasar jihohi, ba sai an tambaye su ra'ayinsu ba. A 2011 gwamnatin Theodore Orji a Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, yawancinsu ma Ibo ne 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. A 2013 gwamnatin Fashola a Legas ta kwashi mutane ta sauke su a Onica, daga baya ya nemi afuwa. A 2020 majalisar dokokin Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin babbar alƙaliyar jiha saboda asalinta Akwa Ibom ne, alhali a jihar ta yi aure ta yi aikinta. Sai a 2021 aka tabbatar da ita. Wannan na nuna mace ce ta fi shan wuya a tsarin nan, don garin ubanta ya ce ta yi aure ta tafi, garin mijinta ya ce baƙuwa ce. A ɗaya ɓangaren, gwamnatin El-Rufa'i a Kaduna ta sanar a 2019 cewa ta soke bambancin ɗan asali da baƙo, ta koma rajistar mazauna. Ko mutum na ƙaunar El-Rufa'i ko ba ya ƙaunarsa, wannan matakin daidai ne. Iyakarsa ita ce fom ɗin tarayya bai daina tambayar ƙaramar hukumar asali ba. Ƙudirin da Benjamin Kalu ya kai majalisar wakilai, na a ba wanda ya shekara 10 a jiha matsayin ɗan jiha, janye shi ya yi a 2025 saboda surutun da ya taso.

A nan dole mu taɓa kanmu, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari. Akwai Ibo da Yarbawa da aka haife su a can, aka haifi iyayensu a can, Hausarsu ta fi ta wasunmu na nan Zango. Nawa ne cikinsu ke karɓar takardar asalin ƙaramar hukumar Fagge, inda Sabon Gari yake, cikin sauƙi? Gaskiya ne Kano ta haɗiye baƙi da yawa, sunayen unguwanni irin su Ayagi da Tudun Nufawa shaida ne, amma ƙofar da suka bi ta addini ce da auratayya, ba ta doka ba. Wanda bai bi ta nan ba yana waje har jikokinsa. Ɗan siyasar Arewa da zai yi kumfar baki kan Hausawan Jos ko na Shasha a Ibadan, amma ya kasa cewa uffan kan Sabon Gari, ba wariya yake ƙi ba, wariyar da ta taɓa nasa kawai yake ƙi. Muna yawan tuna cewa Umaru Altine, ɗan Arewa, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950. To a nuna mana kwatankwacinsa a garuruwanmu yau. Sashe na 177 bai sa asalin jiha cikin sharuɗɗan takarar gwamna ba. Jam'iyyu ne da masu zaɓe suka ƙara shi.

Gana ba ta da jihohi. Yankuna 16 ne, ministan yanki shugaban ƙasa ke naɗa shi, shugaban gunduma ma shi ke naɗawa da amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar gundumar da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a. Ba a tura ɗalibi ko mai neman aiki ya karɓo takardar asali daga gunduma. Abin da ya fi burge ni shi ne sashe na 94 na tsarin mulkin 1992: mai neman kujerar majalisa ya isa takara in mazaunin mazaɓar ne, ko ya zauna cikinta shekara 5 cikin 10 da suka gabata, ko kuma ɗan asalinta ne. An rubuta zama a gari baƙi da fari a matsayin hujja. Ga Asawase a tsakiyar ƙasar Asante, Muntaka Mubarak ke wakiltarta tun 2005. A wannan fannin Gana ta yi wa Najeriya nisa, ba na shakka.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. A Jos tambayar ita ce ko kai ɗan jiha ne. A Kumasi tambayar ita ce ko kai ɗan ƙasa ne ma tukuna, kuma wannan ta fi ciwo. Tana da tarihi. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan daga Kumasi zuwa Najeriya, da suka je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka tafi da mutanen da a nan aka binne cibiyarsu. Najeriya ta yi irin nata a 1983.

Dokar zama ɗan ƙasa ta Gana ta 2000 ba ta ambaci ƙabila ba ko sau ɗaya. Wanda aka haifa a ƙasar kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne in an haifi ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a nan. Wanda aka haifa daga 7 ga Janairu 1993 zuwa gaba ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Kaka ɗaya tak, ko ta wajen uwa, ta wadatar. Da yawan mutanen Zango ba su san wannan ba, wasu ma'aikatan ma ba su sani ba, ko sun sani sun kau da kai.

Wurin yin Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa na Gana, ana neman takardar haihuwa ko fasfo. Wanda ba shi da su, ɗan'uwansa ɗaya mai kati ya rantse masa, ko mutum biyu masu kati da suka san shi. Inda ake tuntuɓe shi ne wurin tambayoyi. A ce ina ne garinku, mutum ya ce Sakkwato ko Katsina don alfahari da tushen kakan kakansa, alhali abin da doka ta damu da shi shi ne inda aka haifi uwa da uba da kakanni. Amsar nan ɗaya ta isa a ajiye fayil ɗinsa gefe. Sai saɓanin suna: Abubakar a takardar haihuwa, Bukari a ta makaranta, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Sai jinkirin rajistar haihuwa, alhali kyauta ce a shekarar farko ta jariri. Kotun ƙoli kuma ta ce a 2014 katin inshorar lafiya ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ne, a 2020 ta faɗi haka kan takardar haihuwa wurin rajistar zaɓe. Tun Yulin 2022 banki ba ya hulɗa sai da katin, layin waya ma da shi aka ɗaure. Wanda aka hana kati an fitar da shi daga kasuwa ke nan. Shi ya sa kowane gida ya kamata ya adana tsohon fasfon kaka, da takardar fili, da takardun makaranta ko na fansho, a kuma daidaita rubutun sunaye kafin a je layi. In an hana, a nemi dalili a rubuce da sunan ofishi da kwanan wata. Kai ƙara hukumar kare haƙƙi ta CHRAJ kyauta ne, amma a kai cikin wata 12; babbar kotu ma a buɗe take ƙarƙashin sashe na 33 na tsarin mulki. Kada kuma kowa ya rantse wa wanda bai sani ba, don laifi ne, kuma shi ke ba masu zarginmu hujja.

Me 'yan siyasar nan suka yi? A 2017 an kafa ma'aikatar raya Zango da asusunta, a 2021 aka rushe ma'aikatar. An yi kwalbatoci da filayen ƙwallo da fitilun titi, ba a raina ba, amma kwalbati ba ya hana a kira ka baƙo. A Yulin 2018 'yan sanda sun harbe matasan Zangon Kumasi bakwai a yankin Manso Nkwanta suka ce 'yan fashi ne, kwamitin gwamnati ya ce babu hujjar haka, aka biya iyalai diyya. Fulani kuwa, musamman a Agogo, ɗan takarar da zai fito fili ya ce akwai 'yan ƙasa cikinsu sai an tona, don yana tsoron ƙuri'ar manoma. Lokacin rajistar zaɓe wakilan jam'iyyu ke cike takardar ƙalubale kan mutum saboda sunansa ko kamanninsa, su ne kuma ke dawowa neman ƙuri'arsa bayan wata biyar.

Don haka tambayar da za a yi wa kowannensu daban ce. Ɗan majalisar Asawase ko na Ayawaso a Akra, a tambaye shi ko zai tsaya a wajabta wa hukumar katin ƙasa ba da dalilin ƙi a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, ta kuma riƙa fitar da adadin waɗanda aka hana gunduma-gunduma. Gwamnan Najeriya kuwa ba shi da uzurin jiran gyaran tsarin mulki. Kuɗin makarantar jami'ar jiha, tallafin karatu, ɗaukar malamai da ma'aikatan jinya, duk a hannunsa suke shi da majalisar jiharsa. Doka ɗaya ta isa ta ce wanda aka haifa a jihar, ko ya zauna shekara kaza yana biyan haraji, ko macen da ta auri ɗan jiha, ya cancanci waɗannan, a rubuta sharuɗɗan a liƙa a ƙofar kowace sakatariya, a sa wa'adin kwana 30 na ba da amsa da wurin ɗaukaka ƙara. Mai neman ƙuri'a a Filato a ce ya sa hannu kan wannan kafin zaɓe, kuma takardar guda ce za a miƙa wa mai nema a Kano.