Don Allah ku riƙa raɗa wa launi suna

Shekaranjiya ƙanena ya turo min zanen da ya haɗa da p5.js, wani kayan aiki da ake rubuta kod da shi a yi zane a kwamfuta, kamun kifin Argungu ne, masunta da gorunansu na motsi a sikirin, wallahi ya yi ƙoƙari. Amma da na buɗe kod ɗin sai gabana ya faɗi, ko'ina fill(30,90,200), umarnin shafa launi da lambobi, layi bayan layi. Na ce mai ƙane wanga shuɗi fa? Wa ya taɓa ganin ruwan Matan Fada shuɗi ran da dubban mutane sunka faɗa ciki sunka dama shi? Ya ce bari ya gyara, ya raba dare yana bin lambobi ɗaya-ɗaya kuma duk da haka ya tsallake wasu, kogi ya fito rabi shuɗi rabi ruwan ƙasa.

Ita kwamfuta lambobi uku ta sani, ja da kore da shuɗi, kowane daga 0 zuwa 255, in ka lissafa launi sama da miliyan 16 ke nan, wa zai riƙe wannan a ka? Shi ya sa aka yi color(), ya dunƙule lambobin su zama abu guda ka aje shi da suna. Ka rubuta ruwanKogi = color(150,110,70) sau ɗaya, duk inda kake son shi ka kira sunan. Cikin setup za ka haɗa shi fa, wato sashen kod da p5 ke gudanarwa sau ɗaya in ya tashi, in ka sa shi can saman kod wajen setup p5 bai tashi ba tukuna, kuskure za ya nuna maka.

Kuma da zarar ya zama abu sai ya fara yi maka aiki. Kana iya tambayar shi ja nawa ke cikinka da red(), ka sirantar da shi da setAlpha har a hango kifi ta ƙarƙashi, sai wanda na fi so, lerpColor, ka ba shi launin asuba da na faɗuwar rana da wata lamba daga 0 zuwa 1 da kake ƙarawa kaɗan-kaɗan, shi ya riƙa gauraya su sannu sannu, sama na canzawa da kanta.

Abin da ke min ciwo shi ne mu Hausawa ba mu rasa sunan launi ba. Je wurin mai ɗinkin hula a kasuwar Birnin Kebbi ka ji yadda yake kiran zare, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙwai, algashi, ruwan hoda. To don mi in mun zauna gaban kwamfuta za mu watsar da su mu riƙa zuba lambobi tsirara? p5 bai damu da yaren da ka raɗa sunan ba, ruwanGoro na aiki lafiya lau.

Jiya ƙanen ya sake turo min, launuka biyar ya jera cikin setup kowane da sunanshi na Hausa. Na ce ruwan ya ɗan yi duhu, kafin in aje waya ya canza layi ɗaya ya maido min.