Malam ya ce, kwamfuta ta ce a kawo hujja

Jiya da daddare na ɓata kusan awa guda ina ƙoƙarin gamsar da kwamfuta cewa in ka ɗauki sifili ka tara masa kowace lamba, lambar ce dai za ta fito. Ku yi dariya, ni ma na yi wa kaina. Na shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a sakandare, amma manhajar nan ta ƙi karɓar maganata. Wasa ne a intanet da Kevin Buzzard na Kwalejin Imperial da ke Landan ya shirya tare da wani ɗalibinsa, an gina shi a kan Lean, manhajar da ke duba ingancin hujjojin lissafi. Jarin da ake ba ka ɗan kaɗan ne: akwai sifili, kuma kowace lamba tana da mai bi mata. An yarje maka cewa lamba a tara mata sifili ita ce lambar, domin haka aka ayyana tarawa tun farko. Amma da ka juya su, sifili a gaba lamba a baya, sai ta ce ita ba ta san wannan zance ba. Na rubuta abin da nake gani ya wadatar, ta watso min jan rubutu. Na sake, ta sake. Sai da na bi ta tsani: na nuna abin ya tabbata ga sifili, sannan na nuna in ya tabbata ga wata lamba to dole ya tabbata ga mai bi mata. A nan ne ta sakar min mara.

Abin da ya kai ni can, gardama ce da muka yi da wani abokina malamin kimiyya a ɗakin malamai. Cewa ya yi mu masu lissafi mun huta, ilimin kowa yana canzawa ban da namu, abin da aka tabbatar an tabbatar har abada. Na gyaɗa kai a lokacin don in ci tuwona da daɗi, amma maganar ba haka take ba, kuma masu binciken mantiki da falsafar lissafi a yau a kan wannan gaɓar suke ta kai ruwa rana. Tambayarsu ita ce: in aka ce an tabbatar da mas'ala, wa ya duba? Ra'ayina, kuma na san wasu za su ji haushi: mafi yawan abin da muke kira yaƙini a lissafin zamani ruwaya ce. Wane ya ce, mujalla kaza ta buga, manya sun yi shiru, sai kowa ya ɗora gininsa a kai.

Ku ji labarin Vladimir Voevodsky, ɗan Rasha, wanda ya karɓi lambar yabo ta Fields a 2002, lambar da babu ta biyunta a wajen masu lissafi. Tun yana saurayi, wajen 1990, ya rubuta wata maƙala tare da Mikhail Kapranov. A 1998 wani masani, Carlos Simpson, ya fito da misalin da ya saɓa wa natijarsu, wato ba yadda za a yi su biyun su zama da gaskiya. Matsalar ita ce Simpson bai iya nuna layin da kuskuren yake ba, shi kuwa Voevodsky ya sake duba aikinsa bai ga komai ba, sai ya ɗauka ɗayan ne ya yi tuntuɓe. Haka aka zauna. Sai a 2013 ya gane shi ne ya yi kuskure. Shekara goma sha biyar ke nan hujjoji biyu masu kore juna suna zaune a duniya, ba wanda ya raba gardama. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa hujja mai wuyar bi, in ta fito daga hannun wanda aka amince wa, kuma ta yi kama da wasu da aka san ingancinsu, da wuya wani ya zauna ya tsefe ta. Wannan fargaba ce ta sa ya karkata ga gina wa lissafi sabon harsashi wanda kwamfuta za ta iya dubawa, a kai yake har ya rasu a 2017.

Labarin ya taɓa ni ne don na san ɗan ƙaramin irinsa. A kundin kammala digirina akwai wajen da na raba da wata ƙima ba tare da na kore yiwuwar ta zama sifili ba, alhali rabawa da sifili ba ya halatta a lissafi. Malamin da ya duba ya sa hannu, na waje ma ya sa hannu, aka ba ni maki mai kyau. Shekara uku bayan nan, ina kwashe takardu daga kwali saboda gara, na buɗe shafin na gani da idona. Ban jin ɗayansu ya karanta wannan shafi. Ba na ma zarginsu sosai, kundi nawa ne a gabansu.

To in ƙaramin kundi ya sha, ina ga hujja mai shafi ɗari uku? Kun san yadda mai lemo yake jera lemonsa kamar dala, kowane ɗaya ya zauna a ramin da uku na ƙasa suka bari. A 1611 masanin taurari Kepler ya ce babu jerin da ya fi wannan cin wuri da kyau, yana cike kusan kashi 74 cikin ɗari na fili. Kowane mai talla ya sani, amma tabbatarwa ta gagara har 1998, lokacin da Thomas Hales ya kawo hujjarsa haɗe da tarin lissafin kwamfuta. Mujallar da ya aika wa aikin ta naɗa alƙalai goma sha biyu, suka shekara huɗu, suka dawo suka ce sun gamsu kashi 99 cikin ɗari. Hales bai yarda ya zauna da ragowar ɗayan ba. Ya tara jama'a suka mayar da hujjar gaba ɗaya yaren da na'ura ke dubawa, ba su gama ba sai 2014.

Wani zai ce ai an gudu ne ba a tsira ba, an bar dogaro da malam an koma dogaro da ƙarfe. Wannan ƙorafi tsoho ne. Tun da Appel da Haken suka yi amfani da kwamfuta a 1976 wajen nuna cewa launi huɗu ya isa a fente kowace taswira, masanin falsafa Thomas Tymoczko ya rubuta a 1979 cewa hujjar da ɗan Adam ba zai iya bin ta daga farko zuwa ƙarshe ba ta fi kama da gwajin ɗakin bincike. Yana da gaskiya a zamaninsa, domin a lokacin na'urar lissafi take yi ta miƙo amsa. Na yanzu daban ne. Manhaja irin Lean, wadda Leonardo de Moura ya fara a 2013, tana da wata ƙaramar cibiya da ba ta san komai ba sai 'yan ƙa'idojin mantiki. Duk wata dabara, ko ta mutum ko ta na'ura, dole a warware ta zuwa ƙananan matakai, cibiyar ta duba kowane ɗaya. Cibiyar kuwa ƙarama ce har mutum zai iya karanta ta, kuma wasu sun rubuta nasu daban don a gwama. Tushen abin aikin masu mantiki ne irin su Per Martin-Löf na Suwidin, inda ake ɗaukar da'awa a matsayin gurbi, hujja kuma abin da ya cika gurbin daidai. Dogaro bai ɓace ba, amma an tattara shi a ɗan wuri guda da kowa zai iya haska wa fitila. Ni a wajena wannan ya fi dogaro da alƙali mai gyangyaɗi.

Abin da ya ƙara ja na ɓangaren nan shi ne halin mutum biyu. A 2012 Shinichi Mochizuki na Kiyoto a Japan ya saki shafi wajen 500 yana cewa ya warware mas'alar da ake kira abc. A 2018 Peter Scholze, na jami'ar Bonn, garin da DW take watso mana shirye-shirye, ya tafi Kiyoto tare da Jakob Stix, suka zauna da shi kusan mako guda, suka dawo suka ce akwai giɓi a wata natija mai lamba 3.12. Shi Mochizuki ya ce ba su fahimta ba ne. A 2021 aka buga aikin a mujallar cibiyar da yake aiki. Yau ga mu: a wani gari mas'alar tabbatacciya ce, a sauran duniya ba ta tabbata ba. Lissafi ya zama mazhaba.

Shi Scholze ɗin nan, da abin ya zo kansa, me ya yi? A Disamban 2020 ya fito fili ya ce akwai wata hujja tasa da Dustin Clausen da ya sha wuya a kanta, ba shi da cikakkiyar natsuwa da ita, kuma ya san girman sunansa zai sa mutane su karɓa ba bincike. Ya roƙi masu Lean su duba masa. Johan Commelin ya jagoranci aikin, cikin wata shida suka tabbatar da zuciyar hujjar, a Yulin 2022 suka kammala duka. Mutumin da ya karɓi Fields a 2018 ya miƙa allonsa a duba masa wanki. Wannan ne ya sa na ga girmansa.

A nan sai na tuna Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Da ya ji Imam Suyuɗi yana hana karatun mantiki, ya aika masa da baitoci yana kare ilimin, cikin ma'anarsu har da cewa da gaskiya ake gane mutane, ba da mutane ake gane gaskiya ba. Mun iya faɗar maganar, aiki da ita ne ya fi ƙarfinmu. Sau nawa ɗalibi ya ga kuskure a allo ya haɗiye?

Kada dai a ce na zama ɗan kasuwar manhaja. Akwai abin da ba ta iya ba, kuma nan ne masu falsafa irin su Jeremy Avigad na jami'ar Carnegie Mellon suke da aiki. Na'ura tana duba cewa natija ta fito daga muƙaddima, wato sharuɗɗan da ka fara da su, ba ta duba ko abin da ka rubuta shi kake nufi. Ka ayyana kalma a karkace, za ta tabbatar maka da karkataccen abu tana murna, har ma in sharuɗɗanka suna karo da juna za ta tabbatar maka da duk abin da ka ga dama. Sannan abin da masanin mantiki Gödel ya nuna a 1931 yana nan daram: tsarin da ya isa ɗaukar lissafin lambobi, in lafiyayye ne, wato ba ya karo da kansa, ba zai iya shaidar lafiyar kansa ba. Ga kuma zancen fahimta. Sanin cewa abu gaskiya ne daban, sanin me ya sa daban. Na daɗe ina ɗauka na'ura ta farkon kawai take bayarwa, sai ga Scholze yana cewa a wajen wannan tsefewar ne ya gane ainihin abin da ke ɗauke da nauyin hujjarsa. Wannan ya rage min kaifin baki, ko da yake har yanzu ina ganin hujjar da na'ura ta ƙirƙiro ba wanda ya gane ta, rabin ilimi ce.

Amfanin da ya fi shafar irina shi ne ƙofa. A ƙarshen 2023 Terence Tao da abokansa uku suka warware wata mas'ala, ya yanka hujjar gunduwa-gunduwa ya baza a intanet, mutanen da bai taɓa gani ba suka yi ta ɗauka suna cikewa, cikin kusan mako uku aka gama. Bai buƙaci sanin jami'ar kowa ko wanda ya tsaya masa ba, tunda cibiyar ce ke karɓa ko ta mayar. Malamin sakandare mai tsohuwar kwamfuta da ɗan guntun data zai iya sa hannu a irin wannan aiki, in ya iya.

Ni dai ban kai can ba tukuna. Na wuce sifili, na tabbatar da cewa juya lambobi biyu a tarawa ba ya canza amsa, yanzu ina maƙale a ninkawa. Ranar Litinin zan kai kwamfutar ajin 'yan shekarar ƙarshe, in sa su gwada matakin da ya kayar da ni, kuma zan gaya musu tun farko cewa ya kayar da ni.