Albam na biyu ne ke nuna mawaƙi: abin da na gani a nasarar Adele, da abin da ke damuna da yaranmu na Katsina

Satin da ya wuce ɗan yayata ya same ni shago bayan la'asar, ya miƙo mani waya ya ce kawu saurari wannan ka gaya mani gaskiya. Yaron yana waƙa, kuma bara ya yi wata guda ɗaya da ta yi tashe sosai, 'yan mata suka riƙa hawanta a TikTok, duk bikin da ka leƙa daga Ƙofar Sauri har Sabuwar Unguwa sai ka ji mai kiɗa ya saka ta. To wannan da ya kawo mani ita ce sabuwa. Na saurara har ƙarshe, na ce ya maido ta baya, na ƙara saurare, wallahi kiɗan ɗaya, amshin kusan ɗaya, sunan yarinyar da ake ma waƙar kawai aka canza.

Na ce mashi me ya sa? Ya ce mai situdiyo ne ya ce kada ya kuskura ya sauya hanya, abin da mutane suka karɓa shi za a ƙara masu. Sai kuma ya yi ƙasa da murya ya ce akwai wasu waƙoƙi da ya rubuta a littafi tun rasuwar babanshi, amma duk wanda ya rera mawa sai ya ce ai wannan ba ta rawa ba ce, wa zai saka ta a biki.

Tun ranar abin ke cina, kuma shi ya sa yau nake so in yi magana kan wata mawaƙiya 'yar Ingila da albam ɗinta na biyu. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da waƙar Turawa muna fama da tsadar masara da matsalar tsaro, na ji, amma waƙa sana'a ce da samari da yawa a jihar nan suke ci da ita, kuma mai sana'a in yana da hankali yana leƙa rumfar wanda ya fi shi ciniki ya ga me yake yi.

Adele an haife ta a Tottenham cikin birnin Landan a 1988. Albam ɗinta na farko mai suna 19 ya fito a 2008, ya karɓu daidai gwargwado, har ta samu kambun Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, guda 2 a 2009, ciki har da na sabuwar mawaƙiya da ta fi fice. Wato dai ta riga ta samu tashenta na farko, irin wanda yaronmu ya samu amma a babban faifai. Daga nan sai aka ji ta shiru, sai a watan Janairun 2011 ta fito da na biyu, 21, waƙoƙi 11 kacal a ciki. Albam ɗin nan ya yi sati 23 yana na ɗaya a jadawalin cinikin waƙa na Ingila, ya yi sati 24 yana na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, shi ne ya fi kowane ciniki a Amurka a 2011 kuma ya ƙara maimaitawa a 2012, kuma zuwa yanzu an saida sama da kwafi miliyan 30 a duniya. A watan Fabrairun 2012 ta kwashe Grammy 6 a dare ɗaya. Ku lura da lokacin kuma, lokaci ne da kamfanonin waƙa ke kuka cewa intanet ta kashe cinikin faifai, kowa sai dai ya sauke kyauta, amma mutane suka cire kuɗi suka saya.

Ni ba lissafin ne ya fi ɗaukar hankalina ba, abin da ta ƙi yi ne. A shekarun nan rediyoyin Turai da Amurka kiɗan rawa na kwamfuta ne ya cika su, mai dukan ƙirji, shi ne kasuwa, kuma duk mai son kuɗi nan ya nufa. Ita kuwa ta zo da murya da fiyano da ganga da jita, tana ba da labarin rabuwarta da saurayinta, haushin da kukan da nadamar duka ba ta ɓoye ba. Akwai waƙa ɗaya a ciki, Someone Like You, wadda babu komai cikinta sai fiyano da muryarta. A bikin ba da kyaututtuka na Brit a watan Fabrairun 2011 ta tsaya gaban dubban mutane ita da mai fiyano kawai, babu 'yan rawa babu wasan wuta, ta rera ta har muryarta na rawa a ƙarshe, kuma cikin 'yan kwanaki waƙar ta haye ta ɗaya a Ingila. Da mai situdiyon yaronmu ne aka kai mawa wannan waƙa, na tabbata cewa zai yi a ƙara mata kiɗa ko a aje ta gefe.

Akwai kuma wani abu da ya faru wajen aikin da nake so mawaƙanmu su ji da kyau. Ta je har Malibu a jihar Kalifoniya ta yi aiki da Rick Rubin, wanda babba ne ƙwarai a harkar haɗa waƙa, aka sake ɗaukar waƙoƙin da ƙwararrun makaɗa, amma da ta saurara sai ta ga wasu daga ciki ɗaukar farko da aka yi a Landan ta fi rai, don a lokacin ciwon yana ɗanye a zuciyarta, sai ta koma ma na farkon ta riƙe kaɗan kawai daga cikin na Malibu. Yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta iya cewa wannan ya fi tsada amma wancan ya fi gaskiya, kuma kamfaninta XL, wanda ba ya cikin manyan kamfanonin nan na duniya, ya ƙyale ta. Mu nan fa? Yaro na shiga situdiyo abu na farko da za a yi ma muryarshi shi ne a zuba mata na'ura har ta koma kamar ta mutum-mutumi, ka saurari mawaƙa biyar ba za ka iya rabe wane ne wane ba, kuma in ya ce a rage sai a ce mashi kai ka san aikin ko mu.

Abin da ya sa nake cewa na biyu ne ke nuna mawaƙi, aikin farko mutum ya yi shekaru yana tara shi a ciki, tun yana yaro yake rera shi a zaure ba mai jiran shi ba mai matsa mashi. Na biyu kuwa ido ya dawo kanshi, abokai sun ƙaru, an fara kiran shi biki, kuɗi sun fara shigowa, sai tsoro ya shiga, tsoron kada a ce ya faɗi. Tsoron nan ne ke sa mutum ya kwaikwayi kanshi. Mu kuma masu saurare muna da laifi babba a nan, don mu ne ke cika wajen sharhi da yi mana irin waccan, yi mana irin waccan, in ya yi mana irin waccan sau ukku sai mu ce ai wane ya ƙare ba ya da sabon abu, mu koma ma wani yaron mu yi mashi irin yadda muka yi ma wannan.

Sannan akwai wata magana da ake yawan yi a majalisa, wai waƙa mai ma'ana ba ta kasuwa, wadda ke kasuwa kuma shirme ce, sai mawaƙi ya zaɓi ɗaya, ko yabon masana ko kuɗi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, kuma 21 na cikin hujjojina, masu sharhin waƙa a manyan jaridu sun yabe shi, masu ba da kambu sun ba shi, talakawan masu saurare kuma sun saye shi, har da dattawan da suka daɗe da daina shiga shagon faifai. Ba ina cewa yawan ciniki ne ma'aunin kyau ba, akwai shirmen da ya saidu da yawa, kuma Grammy ma mutane ne ke zaɓe suna kuskure. Abin da nake cewa shi ne ba dole ba ne a raba biyun. Kuma mu Katsinawa bai kamata a zo daga Landan a koya mana wannan ba, don Alhaji Mamman Shata ɗan Musawa da ke kwance a Daura tun 1999, direban mota na jin shi, sarki na jin shi, malaman jami'a sun yi ta rubutu a kanshi har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma da kalangu da 'yan amshi ya yi wannan duka. Ya yi ma iyayen gida waƙa ƙwarai, amma ya yi ta noma, ya yi ta garuruwan da ya je, ya yi ta wa'azi da ta habaici, bai tsaya wuri ɗaya don an tafa mashi a wurin ba.

Yanzu bari in yi ma yaranmu adalci, don ba daidai ba ne in ɗora masu laifin duka. Adele ta yi makarantar koyon waƙa da wasan kwaikwayo ta BRIT da ke Croydon, kyauta ake karatu a cikinta, ta gama a 2006. Tana da kamfani da ya ɗauki nauyinta tana rubutu ba tare da ta damu da abin da za ta ci gobe ba, kuma tana ƙasar da in an sayi waƙarka ko an saka ta a rediyo kasonka zai iso ka. Yaronmu na Katsina shi ke biyan kuɗin situdiyo daga aljihunshi, ranar da waƙar ta fita kafin magariba tana wajen masu turi a kasuwa, a cika ma mutum memori da waƙa ɗari kan kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba, mawaƙin ko sisi. YouTube da Audiomack sun ɗan buɗe ƙofa, amma sai kana da masu kallo da yawan gaske kafin ka ga abin kirki. To ina kuɗin suke? Suna wajen biki da wajen 'yan siyasa. Wanda abincinshi ke hannun uwar amarya da ɗan takara kuwa dole ya yi abin da za su yi liƙi a kai, kuma ba zan zage shi don yana neman halaliyarshi ba.

Amma duk da haka ina ganin akwai abin da ke hannunmu. Ba sai ka bar waƙar biki ba, yi ta ka ci abinci, amma cikin kowace biyar ka ware ɗaya wadda taka ce, wadda ka rubuta don abin ya dame ka, ka tara su a hankali har su kai bakwai ko takwas ka fitar da su tare da suna ɗaya, mutane su san cewa wannan aikin wane ne ba sautu ba. 'Yan kudu sun gane wannan, dubi Ayra Starr, ta fitar da albam na farko a 2021, ba ta yi gaggawa ba sai 2024 ta kawo na biyu. Masu kuɗin jihar nan kuma da ke iya liƙa ma mawaƙi dubban ɗaruruwa a dare ɗaya don ya ambaci sunansu, da ɗayansu zai ɗauki yaro ɗaya mai basira ya ce ga kuɗin situdiyo na shekara, je ka yi aikinka ba sai ka saka sunana ba, da an ga bambanci. Gidajen rediyonmu su ma su riƙa ba irin waɗannan waƙoƙi fili, ba sai wadda ta riga ta yi tashe a waya ba.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, nasarar nan ba ta zo ma Adele a banza ba. A cikin 2011 ɗin, tana tsakiyar yawon wasanni, jini ya ɓalle mata a maƙogwaro, dole ta soke wasanni da dama aka yi mata aiki a Boston a watan Nuwamba, ta yi makonni ba ta magana. Bayan ta warke kuma duniya na jiran ta kawo wani da zafi-zafi, sai ta koma gida ta haihu ta yi renon ɗanta, albam na ukku bai fito ba sai ƙarshen 2015. Ina faɗin wannan ne saboda yaranmu da ke kwana ukku a jere suna ihu a makirufo wajen biki cikin ƙura da sanyin hunturu, ba hutu ba ganin likita, muryar nan ita ce jarin, in ta tafi ba kanti da ake saida wata.

Na kira ɗan yayata shekaranjiya na ce ya zo da littafin nan. Ya zauna kan benci ya rera mani ukku daga ciki ba kiɗa ba komai, ta biyun wadda yake ba da labarin ranar da aka fito da gawar babanshi daga gida aka nufi maƙabartar Ɗan Takum, sai da maƙwabcin shagona ya bar abin da yake yi ya zo ya tsaya bakin ƙofa. Na ce mashi waccan ta bikin ka sake ta, ba zan hana ka ba, amma wannan ni zan biya kuɗin ɗaukar ta, da sharaɗin a samo mai kalangu na gaske kuma kada a taɓa muryar da na'ura. Ya ce kawu in mai situdiyon ya ƙi fa? Na ce sai mu nemi wani, ko da Funtua ne ko Kano za mu je. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu shiga, ni da shi.